Babi na Uku: Koyar da Haruffa ta Hanyar Wasa

Harafi alama ce da aka ƙirƙira domin ta tsaya a madadin sautin magana. Babba yana jin wannan bayani ya wuce, amma ga yaro ɗan shekara huɗu abu ne baƙo ƙwarai. Tun yana goye yake jin magana yana fahimtarta a dunƙule. Bai taɓa tsayawa ya lura cewa nama da nono da sauti ɗaya suke farawa ba, balle ya san akwai wani zane a takarda da aka keɓe wa wannan sauti. Saboda haka aikin malamar rabin aji shi ne ta ƙulla wa yaro abubuwa uku wuri guda: sautin da kunne ke ji, siffar da ido ke gani, da motsin da hannu ke yi wajen fitar da ita. Ƙullin ba ya kamawa sai da maimaici mai yawa, ƙaramin yaro kuwa ba ya jure maimaici sai in a cikin wasa ya zo masa. Wannan shi ne dalilin da ya sa wasa ya zama hanyar aikin kanta, ba hutun da ake ba yara bayan an gama darasi ba.

Muhimmancin wannan mataki ba abin jayayya ba ne a wurin masana. Wani kwamiti da aka ɗora wa nazarin karatun ƙananan yara a Amurka ya fitar da rahoto a 2008, inda ya sa sanin haruffa da iya rarrabe sautukan magana cikin abubuwan da suka fi nuna yadda karatun yaro zai kasance idan ya shiga firamare. Tunanin koyarwa ta wasa kuwa ya girmi wannan rahoto nesa ba kusa ba. Bajamushe Friedrich Froebel ya buɗe gidan wasa da aikin hannu na ƙananan yara a garin Bad Blankenburg a 1837, a 1840 kuma ya raɗa wa irin wannan makaranta sunan da ake kiranta da shi har yau a ƙasashe da yawa, wato Kindergarten. Shi Froebel ya fi ba da ƙarfi ga waƙa, shuka da gine-gine da 'yan katakai. Wadda ta kawo haruffa cikin wasan hannu ita ce likita Maria Montessori, wadda ta buɗe gidan yaranta na farko a unguwar talakawa ta San Lorenzo a birnin Rum a 1907. Ta sa an yanko haruffa daga samfefa, takardar nan mai kaushi da kafintoci ke goge katako da ita, aka manna su a kan allunan da ke da santsi. Yaro yakan bi harafin da yatsa yana furta sautinsa, ba sunansa ba. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne yara 'yan shekara huɗu suka soma rubuta kalmomi da kansu tun kafin su iya karanta littafi. Rubutun Italiyanci yana bin furuci sosai, kuma wannan ya taimaka mata. Rubutun Hausa ma haka yake.

Kafin a shiga wasannin, dole a raba tsakanin haddar abacada da sanin haruffa, domin a nan ne makarantu da yawa suke yaudarar kansu ba da gangan ba. Waƙar haruffan Turanci, wadda aka yi wa rajista a birnin Boston a 1835, ta shiga kusan kowane ajin nazare a Najeriya. Yara suna son ta, suna rera ta da ƙarfi, iyaye kuma suna jin daɗi. Amma yaron da ya rera ta daga farko har ƙarshe sau da yawa ba zai iya nuna m ba idan aka ɗora masa haruffa a barbaje. Jerin sunaye ya haddace, kuma a tsakiyar waƙar ma akwai haruffa biyar da ake furtawa da sauri har yara kan ɗauka kalma ɗaya ce. Ga yaro Bahaushe akwai ƙarin matsala. Sunan harafin a da Turanci yana kama da sautin e na Hausa, sunan e yana kama da i, sunan i kuma ai ne. Harafin c da aka ce masa "si" shi ne zai tarar a farkon cokali da ciki. Idan aka fara masa da waɗannan sunaye, sannan aka miƙa masa littafin Hausa, wasula uku cikin biyar sun riga sun cakuɗe masa. Manufar ilimi ta Najeriya da aka fitar a 1977 ta tanadi a koyar da yaran share fage da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsu, kuma hikimar wannan a fili take: yaro ya fi saurin gane cewa harafi sauti ne idan sautin yana cikin kalmar da ya sani, yake kuma faɗa kullum.

Haruffan boko na Hausa suna da nasu tsari da ya kamata malama ta riƙe. Wasula biyar ne, a, e, i, o, u, sai tagwaye ai da au. Akwai baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ, ɗ da ƙ, waɗanda suka zauna a rubutu a shekarun 1930 lokacin da Rupert East ke jagorantar aikin talifi a Zariya. Kafin nan, tun zamanin ƙa'idojin rubutu da Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya fitar a 1912, wasu dabaru ake yi a nuna su. Akwai 'y na 'ya'ya, wanda a Nijar ake rubutawa ƴ. Akwai sh da ts, kowannensu haruffa biyu ne da ke ba da sauti ɗaya, da masu goyo irin su kw, gy da ƙw. Ba a amfani da q, v da x, p kuma sai a wasu sunaye. Allon haruffan da ake saya a kasuwa, mai hoton tuffa a ƙarƙashin a, ba shi da ko ɗaya daga cikin masu ƙugiya. Gara malama ta zana nata a kwali ko da bai yi kyan na kanti ba.

Wasannin farko ba sa buƙatar harafi ko ɗaya, domin kunne ake fara horarwa. Hausa harshe ne da gaɓoɓinsa ke fita sarai, don haka tafin suna wasa ne mai sauƙin kamawa. Yara su yi da'ira kamar za a yi gaɗa, a kira sunan ɗaya, kowa ya tafa gaɓoɓinsa: Mu-sa tafi biyu, Ha-li-ma uku, A-bu-ba-kar huɗu. Ba a daɗewa yara da kansu za su fara gardamar sunan wa ya fi tsawo. Daga gaɓa sai a gangara zuwa sautin farko. Malama ta zo da jaka ta zuba mata kayan gida, ludayi, lemo, kofi, kwano, madubi, mataji, yaro ya zura hannu ya zaro abu ɗaya, ya faɗi sunansa, sannan ya ajiye shi tare da ɗan'uwansa da suke farawa iri ɗaya. Ana iya juya wannan ya zama kacici-kacici: akwai wani abu a cikin ajin nan, da "mmm" yake farawa, mene ne? A nan akwai wata dabara da ake yawan mantawa da ita. Sautukan da ake iya ja, irin su m, n, s, l, f da z, sun fi sauƙin ji a kunnen yaro fiye da b, t da k waɗanda suke fita su ɓace nan take. Da masu jan ake farawa. Tatsuniya ma tana shiga: a gaya wa yara duk lokacin da suka ji kalmar da ta fara kamar sunan Gizo su ɗaga hannu, sai a ga ajin da ke surutu ya yi tsit yana jiran gona, gida ko goro.

Harafin da ya fi kowane daraja a wurin yaro shi ne na farkon sunansa. Bincike ya daɗe da nuna cewa yara sun fi saurin gane haruffan da ke cikin sunayensu, kuma duk wadda ta taɓa koyar da rabin aji ta ga yadda yarinya ke tsalle tana cewa "ga nawa" idan ta hango Z a jikin kwalin sabulu. Ya kamata a ci moriyar wannan tun makon farko. Kowane yaro a rubuta masa sunansa a kati, da safe ya nemo nasa a cikin tarin katuna ya rataya, a madadin kiran rajista. Da farko da tsawon sunan ko siffar harafin farko zai riƙa gane shi. Ranar da Sani da Sadiya suka kama kati ɗaya suna ja, ranar darasi ya zo da kansa, domin dole su duba abin da ke bayan S ɗin.

Game da jerin da za a bi, babu wata doka da ta ce sai an fara daga a an ƙare a z. Jerin abacada yana da amfani wajen duba ƙamus da rajista, amma wajen koyon karatu ya fi kyau a fara da haruffan da suka fi yawa a harshe. Tsarin Jolly Phonics na Ingila, wanda ya shigo makarantu da yawa a Najeriya, ya fara da s, a, t, i, p, n ne saboda suna haɗa kalmomin Turanci da dama. A Hausa babu harafin da ya kai a yawa. Idan aka haɗa shi da n, k, m da i, yaro ya samu nama, kaka, mama, kama, ina, nan, kai da mai, wato ya fara karanta kalmomin gaske da haruffa biyar kacal. Al'adar harafi ɗaya a mako kuma tana da jinkiri: shekara takan kusa ƙarewa kafin a kai ƙarshe, na farkon kuma an manta da su. Biyu ko uku a mako, tare da komawa kan na baya kullum, ya fi. Ƙananan haruffa su ne mafi yawa a cikin kowane littafi, don haka su ya kamata a ba fifiko, a nuna babban a gefensa.

Hoto yana taimakawa, amma ba kowane hoto ba. A 1984 Linnea Ehri da abokan aikinta sun nuna cewa yara sun fi riƙe harafi idan siffarsa tana cikin hoton kanta, wato abin da aka zana ya ɗauki kamannin harafin kuma sunansa ya fara da sautinsa. Wannan fili ne da malaman Hausa za su iya yin abin kirki a ciki. Harafin t takobi ne a tsaye da abin kare hannu a gicciye. Harafin ƙ yana ɗauke da ƙugiya a kansa. Ana iya zana w a matsayin harsunan wuta, s a matsayin sarƙa da aka ajiye a lanƙwashe, z zare ne da aka ja nan da can, m kuma maciji ne mai tudu biyu. Littattafan Turanci suna zana maciji a siffar s, abin da ba ya aiki a Hausa ko kaɗan. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A makarantar allo, inda ake fara wa yaro da babbaƙu kafin farfaru, yawancin sunayen haruffa suna bayyana kamanninsu ko wurin zamansu: ba guje, mim jaye, ha ƙarami, ha kuri, nun ara. Alarammomi sun daɗe da gane cewa ƙaramin yaro ya fi riƙe alama idan sunanta yana nuna masa yadda take.

Daga ido sai hannu, kuma a nan ne ya dace a daɗe. Yatsun ɗan shekara uku ko huɗu ba su gama ƙwari ba, riƙon fensir da bin layi a littafi wahala ce gare shi. Cika shafi da harafi ɗaya sau hamsin ba ya ƙara masa komai sai ƙin makaranta. Abin da yake buƙata shi ne ya zana harafi da girma, da dukkan hannunsa, a wurin da kuskure ke gogewa ba tare da ya bar tabo ba. Faranti da aka zuba wa rairayi ya wadatar: ya zana da yatsa yana furta sautin, ya girgiza farantin, ya sake. Tsakar makaranta da tsinke ma haka. Ana tsoma tsumma ko ƙaramin buroshi a ruwa a yi rubutu a jikin bango ko siminti, rana ta shanye shi. Yumɓu yana ba da haruffa masu lanƙwasa, a murza shi ya yi tsawo a naɗe o, c da u. Karan dawa da yara suka saba yin mota da shi yana ba da masu miƙaƙƙun layuka irin su l, t, k da z. Ana jera tsakuwa, 'ya'yan tsamiya ko marafan kwalba a kan harafin da aka zana da gawayi, sai dai waɗannan ƙananan abubuwa ba na 'yan ƙasa da shekara uku ba ne, kuma ko a wurin manyansu sai da ido, saboda sawa a baki ko hanci. Akwai wasan da yara ke matuƙar so: ɗaya ya zana harafi da yatsa a bayan ɗan'uwansa, shi kuma ya faɗi ko wanne ne. Amfanin hannu ba zato ba ne. A 2012 Karin James ta Jami'ar Indiana ta gwada yara 'yan shekara biyar da ba su iya karatu ba, ta ga cewa sassan ƙwaƙwalwa da ke aiki wajen karatu sun fi motsawa a wurin haruffan da yaran suka zana da hannunsu fiye da waɗanda suka danna a kwamfuta. Yaron da yake bahago kuma a bar shi ya rubuta da hagunsa. Ladabin cin abinci da dama daban ne, riƙon alli daban, tilasta masa sauyawa ba ya haifar da komai sai jinkiri da tsoro.

Yara ba sa iya zama wuri ɗaya na dogon lokaci, don haka wani ɓangare na darasi a fili ya kamata a yi shi. Gidajen 'yar gala-gala suna karɓar haruffa: yarinya ta jefa dutsenta, duk gidan da ta taka ta faɗi sautinsa. Ana ɓoye katunan haruffa a bayan tukunyar ruwa, ƙarƙashin benci da gindin bishiya, a saki yara su nemo, wanda ya samo ya kawo ya faɗi abin da ya samo. Ana kafa kasuwa, kowane mai tebur da harafinsa, mai sayen lemo sai ya nemi teburin l.

Rikicin b da d yana damun iyaye fiye da yadda ya kamata. Stanislas Dehaene, masanin ƙwaƙwalwa ɗan Faransa, ya bayyana cewa idon ɗan'adam ya saba ɗaukar abu a matsayin abu ɗaya ko ta wace fuska ya juya. Kofi kofi ne, ko hannunsa na dama ko na hagu. Haruffa ne suka zo da sabuwar doka, kuma yaro yana buƙatar lokaci ya saba da ita. Juya harafi abu ne da ake gani a wurin yara da yawa har wajen shekara bakwai. Ga mai koyon Hausa aikin ninki biyu ne, domin b, d, ɓ da ɗ duk 'yan gida ɗaya ne a ido. Maganinsa kada a koyar da su a mako ɗaya. A bari b ta zauna daram kafin d ta zo, masu ƙugiya kuma a shigo da su ta kunne, da kalmomin da ƙugiya kaɗai ta raba su: kaya da ƙaya, kafa da ƙafa, gada da gaɗa, bari da ɓari. Malama ta faɗi ɗaya, masu katin k su tsaya ko masu katin ƙ. Yara suna dariya idan aka ce wani ya ɗauko ƙaya a kai, kuma dariyar ce ke sa su riƙe cewa ƙugiyar ba ado ba ce. Akwai kuma batun alkibla. Yawancin yaran nan da yamma ko da asuba suna karatun allo ko Islamiyya, inda rubutu ke tafiya daga dama zuwa hagu. Ba laifi ba ne idan yaro ya fara sunansa na boko daga dama. Ɗan ɗigo mai launi a gefen hagu na allonsa, a ce masa daga nan boko ke tashi, yakan warware matsalar cikin 'yan makonni.

Da zarar yaro ya riƙe baƙaƙe biyu ko uku da wasali ɗaya, sai a fara auna su, kada a jira a gama haruffa duka. Yaro ɗaya ya riƙe m, wani ya riƙe a, su tsaya nesa da juna kowa na jan sautinsa, su riƙa matsowa har kafaɗunsu su haɗu, aji ya ce ma. A canza mai wasali, a samu mi, mu, mo. Marafan kwalba da aka rubuta wa gaɓoɓi suna ba kowane rukuni damar gina kalma: ka da ka, na da ma. Littattafan Mu Karanta! da aka yi amfani da su a firamaren jihohin Bauchi da Sakkwato a kan wannan tafarki na sauti zuwa gaɓa zuwa kalma aka gina su, don haka yaron da ya yi waɗannan wasanni a rabin aji ba zai shiga aji ɗaya a baƙo ba. Rubutun Hausa ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, shi ya sa gari na zama da gari na tuwo suke da rubutu ɗaya. A wannan mataki ba a buƙatar yi wa yaro bayanin haka, hoto ko jimla za su nuna masa wanda ake nufi.

Ba duk abin da aka kira wasa ne yake koyarwa ba. Idan yaro ya share rabin awa yana shafa wa hoton harafi launi bai furta sautinsa ko sau ɗaya ba, launi ya koya. Ma'aunin kowane wasa shi ne sau nawa kowane yaro ya ga harafin, ya faɗi sautinsa, ya kuma taɓa shi. Wasan da ake fitar da wanda ya yi kuskure yana da illa ta musamman, domin yaron da ya fi buƙatar maimaici shi ne yake fara komawa gefe. Minti goma zuwa goma sha biyar sau biyu a rana sun fi awa guda a jere. A ajin da yara suka yi yawa, amsa ta baki ɗaya tana ɓoye waɗanda ke motsa leɓe kawai, saboda haka a raba su ƙananan rukunoni, wasu a rairayi, wasu a yumɓu, malama tana zaune da rukuni ɗaya. Wayar hannu da talabijin suna da shirye-shiryen haruffa masu kyau, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yara 'yan shekara 2 zuwa 4 kada zamansu gaban irin waɗannan na'urori ya wuce awa ɗaya a rana, kuma amfaninsu ya fi fitowa idan babba na zaune yana tambayar yaron abin da ya gani. A gida, uwa ko yaya da ke nuna harafi a jikin buhun shinkafa, gwangwanin madara ko allon shago tana yin aikin da ya kai na aji, ko da ita kanta haruffa kaɗan ta sani.

Auna ci gaban yaro ba ya buƙatar jarrabawa. Sau ɗaya a wata malama ta zauna da kowane yaro na minti biyu, ta baje masa haruffan da aka koya ba a jere ba, ta nuna ɗaya ɗaya ya faɗi sautinsu, sannan ta faɗi sauti ya nemo harafin. Ta rubuta waɗanda ya sani da waɗanda suka rage, su ne za su shiga wasannin rukuninsa a makon da ke tafe. Tazarar watanni tsakanin yara a wannan shekaru tana da tasiri, wanda aka haifa a farkon shekara da na ƙarshenta ba a tsammanin su yi tafiya ɗaya. Amma idan yaro ya daɗe ba ya rarrabe sautuka, ba ya juyowa idan an kira shi daga baya, kunnensa na zubar da ruwa, ko yana matse ido yana matsowa kusa da allo, a gaya wa iyayensa su kai shi asibiti a duba ji da ganinsa tun kafin ya shiga aji ɗaya.